Gwaggo Ta Cika a Hanyar Ɗorayi

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da gaban da bai daina faɗuwa ba tun ranar Litinin, Malam Ɗalhatu Inuwa, direban motar kaya a wani kamfanin robobi da ke Chalawa, yake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki, da duk direbobin da ke kaiwa da komowa tsakanin Chalawa da Sharaɗa da Bompai, rasuwar wayarsa wadda aka fi sani da Gwaggo. Ta cika dab da Azahar, a aljihun gaban rigarsa, a kan hanyar Ɗorayi, bayan doguwar jinya. Ta rasu tana bakin aiki.

Babu wanda ya san shekarun marigayiya, domin ta hannu ya saye ta a kasuwar waya ta Farm Centre, kuma tun a lokacin ta manyanta. Da tsagar gilashinta ta zo gidan, daga baya murfinta ya saki aka riƙa ɗaure ta da roba. Direbobi ne suka laƙaba mata sunan Gwaggo saboda wani hali nata da suka mayar abin dariya: ba ta haɗa aiki biyu. Idan kira ya shigo, data ta tsaya cak, kamar tsohuwar da za ta ajiye faifai ta gama gaisawa tukuna. Sai an kashe kiran sannan ta koma kan saƙonni, su shigo a jere kamar an buɗe musu ƙofa. Nura mai gyara, likitanta na tsawon rayuwa, ya sha bayyana cewa ba ciwo ba ne, ƙirarta ce haka: hanya ɗaya gare ta, ko murya ta bi ko data, alhali wayoyin yanzu suna tafiyar da biyun a tare ba tare da ɗaya ta san da ɗaya ba. Direbobi sun yi ta yi wa Ɗalhatu tsiya a kan ya sake waya. Shi dai murmushi kawai yake yi, ya shafa aljihunsa.

Tunda yanzu ta tafi, babu amfanin ɓoye alherinta.

Kamfanin ya sa wa kowane direba wata manhaja a wayarsa. Malam Sagir, mai kula da motoci, yana zaune a ofis a Bompai gaban kwamfuta, kowace mota ɗigo ce shuɗiya tana rarrafe a kan taswira. Dokar guda ce: daga Chalawa sai sito a Bompai, wanda ya ratse ya ajiye makulli. Wanda ya kashe data da hannunsa ma manhajar tana kai ƙararsa. Kowa ya tuna Auwalu, wanda ya ratse ya ɗauko matarsa daga asibiti. Yanzu yana tura baro a Dakata, idan ya hango motocin kamfanin sai ya juya baya. Duk ranar da Ɗalhatu ya gan shi, abinci ba ya shiga cikinsa.

A Ɗorayi kuwa akwai Malam Inuwa, mahaifin Ɗalhatu, tsohon ma'aikacin kamfanin fata, ƙaton mutum wanda a da shi kaɗai yake ɗaga abin da mutum biyu suke kokawa da shi. Shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da shi, ta kuma tafi da rabin harshensa. Matarsa ta riga mu gidan gaskiya. Mai jinyarsa ita ce Atika, ƙanwar Ɗalhatu, ita take ba shi abinci da magani. Amma akwai abin da tsohon ba zai taɓa yarda 'yarsa ta yi masa ba. Ranar da ta gwada canja masa zanen shimfiɗa, ya juya fuskarsa bango, hawaye na bin kunnensa, ya riƙe zanen da hannunsa mai lafiya har sai da ta fita. Maƙwabta ma bai yarda ba. Ɗansa kaɗai ya yarda ya ɗaga shi, ya kai shi bayi, ya wanke shi, ya juya shi don kada bayansa ya yi gyambo, ya yi masa alwala ya fuskantar da shi alƙibla. Safe da yamma babu matsala, gida ɗaya suke. Rana tsaka ce abin tsoro.

A nan marigayiya ta rufa wa gidan asiri. Kullum idan lodin butoci da bokitai ya iso Sharaɗa, sai ta yi ƙugin nan nata mai kama da ƙudan zuma a cikin gwangwani, muryar Atika ta fito: "Yaya, ka iso? To na ajiye ta kusa da Baba." Daga nan ba a kashe kiran. Data ta tsaya, ɗigon Ɗalhatu ya daskare a Sharaɗa, shi kuwa ya karya kan mota ya nufi Ɗorayi, marigayiya na aljihunsa a hansfiri, sauti na fitowa fili. Sai ya gama ya dawo kan hanya sannan Atika ta kashe, ɗigon ya yi tsalle ya ci gaba da tafiyarsa kamar ba a yi komai ba. Sau da yawa, ana kashewa, muryar Malam Sagir take biyowa baya: "Ɗalhatu, wai kai kullum Sharaɗa sai ta haɗiye ka? Kuma layinka bizi. Wallahi wayar nan taka gidan tarihi ya kamace ta." Ɗalhatu ya ɗora wa gosulo laifi, ya ɗora wa sabis. Marigayiya ta sha zagi a kan laifin da ba nata ba, ba ta taɓa buɗe baki ba.

Ba za a manta da muryoyin da ta ɗauko ba. Ta cikinta Ɗalhatu yake jin gidansu tun yana nesa: ƙarar cokali a kwano, rediyon maƙwabta, kajin da suke shigowa har bakin ƙofa Atika na korarsu. Sama da duka yana jin numfashin mahaifinsa, mai nauyi, mai ɗan gurnani a ƙarshe, yana shiga yana fita. Da wannan numfashin yake tuƙi. Wani lokaci tsohon yakan matso da bakinsa ya ce "Ɗaha", iyakar abin da harshen ya bar masa na sunan ɗansa ke nan. Idan kuwa Ɗalhatu ya shiga ɗakin, wayoyin biyu suka haɗu, sai su hau yi wa juna wata kuwwa mai tsinin tsiya, Atika ta suri tata ta ruga madafi, tsohon ya yi dariya da rabin baki. Ita ce kaɗai dariyar da ta rage a gidan.

Jinyar marigayiya ta fara ne da zazzaɓi. Takan yi zafi har ta ƙona masa ƙirji. Daga nan cikinta ya kumbura, murfi ya ɗaga, aka ƙara roba. Ta koma ba ta shan caji sai an karkatar da cajar an danne da littafi. Nura ya ce a bar ta ta huta, batirin irinta ya ƙare a kasuwa. Ɗalhatu ya roƙe shi da girman Allah ya lallaɓa ta, Nura ya dube shi yana mamakin mutumin da idonsa ya kawo ruwa a kan wayar da ko kyauta ba za a karɓa ba.

Ranar Litinin komai ya tafi yadda aka saba. Atika ta kira, ɗigo ya tsaya, mota ta shiga lungunan Ɗorayi, numfashin tsohon na fitowa daga aljihu. Sai tsohon ya hau tari, dogon tari mai sarƙewa. Tarin bai kai ƙarshe ba, sai shiru.

Ba irin shirun da aka saba ba. Babu kaza, babu rediyo, babu cokali. Ɗalhatu ya kira Baba, ya sake kira, ya kira Atika. Ya ƙara wa mota wuta. Ya kasa ciro wayar ya duba, domin yana tsoron abin da zai gani, yana kuma tsoron abin da ba zai gani ba. Salati kawai yake yi, kalmomin na karyewa a bakinsa. Bai san yadda ya wuce masu adaidaita ba, bai san wa ya zage shi ba. A ƙofar gida ya bar mota a buɗe, ya faɗa ciki ko sallama babu, takalmi ɗaya a ƙafa. Ya tarar da Malam Inuwa jingine da filo, Atika na ba shi kunu, tsohon yana kallonsa da mamaki. Sai a lokacin ya ciro Gwaggo. Ta yi zafi, fuskarta baƙi ƙirin. Ya danna ta, ya girgiza ta, ya cire robar ya mayar, ko motsi. Ya zauna a ƙasa ya fashe da kuka, kuma har yau bai san ko na murna ne ko na rashi ba.

Nura ya tabbatar da rasuwar da yammacin ranar.

Washegari Malam Sagir, wanda ɗigon ya ɓace masa wuni guda, ya yi wa Ɗalhatu ta'aziyya yana dariya, ya kuma yi masa abin da yake ganin alheri ne. Ya sa aka kafa masa sabuwar wayar kamfani a gaban mota, cikin wani gida na ƙarfe da aka ɗaure da kusoshi, aka mayar da layinsa ciki. Don ya nuna masa ci gaban zamani, ya kira shi ya ce ya zagaya harabar sito suna magana. Ɗalhatu na tuƙi, Malam Sagir na gaya masa duk kwanar da ya sha, ga shi ya wuce get, ga shi bayan janareta, ga shi ya tsaya. Murya na tafiya, data na tafiya, babu wadda ta jira wata. Ɗalhatu ya yi godiya.

Atika ta kawo shawarar ya ajiye motar a Sharaɗa ya hau adaidaita. Amma barin mota da lodi a titi ya fi ratse laifi, kuma sabuwar wayar za ta faɗi cewa motar a tsaye take. A tsakar gida suka yi maganar, ƙasa-ƙasa. Sun manta cewa harshen tsohon ne ya tafi, kunnensa yana nan.

Yau Laraba Ɗalhatu ya iso Sharaɗa, ya dubi kwanar, ya dubi sabuwar wayar da idonta a buɗe, ya tuna Auwalu da baronsa. Tsoro ya ci ƙarfinsa, ya miƙe Bompai. Da ya koma gida bayan La'asar ya tarar da kofin ruwa cike, kwanon kunu a rufe. Tun safe Malam Inuwa ya datse bakinsa, ya ƙi ci, ya ƙi sha, ko maganinsa bai haɗiya ba, don kada ya buƙaci bayi ɗansa ba ya nan. Leɓunansa sun bushe sun tsattsage. Shimfiɗarsa tsaf, ko ɗigo babu. Da ya ga Ɗalhatu sai ya ɗaga hannunsa mai lafiya ya nuna shimfiɗar, yana murmushi da rabin baki, wai ya samo musu mafita.

Marigayiya ta rasu ta bar caja ɗaya mai karyayyen wuya, da robobi biyu, da layin da yanzu yake zaman maraici a gidan da ba a rufa asiri. Ta bar Atika, wadda ta rasa abin da za ta ce wa mahaifinta ya sha ruwa. Ta bar Malam Inuwa. Ta bar Ɗalhatu, wanda hannunsa yake kaiwa aljihu yana dawowa wayam, kuma wanda yake jin tsoro yanzu fiye da kowane lokaci a rayuwarsa, tsoron ofis da tsoron kofin nan da ba a taɓa ba.

Jana'iza gobe Alhamis in Allah Ya kai mu. Ba za a yi mata salla ba tunda ba mutum ba ce, amma an naɗe ta a farin hankici, za ta hau kujerar gaba. Za a tashi daga Chalawa da lodin butoci kamar kullum. Idan an iso Sharaɗa Atika za ta kira, ba don kiran zai ɓoye komai ba, sai don mai mota ya ji numfashin da yake tuƙi da shi. Daga nan gawa za ta sha kwana ta nufi Ɗorayi, sabuwar waya na kallo, a binne ta a ƙasan akwatin Malam Inuwa, bayan an ɗaga shi, an wanke shi, an ba shi ruwa ya sha a gaban ɗansa.

Zaman makoki a ofishin Malam Sagir ne, a Bompai, bayan Azahar. Mai makoki zai zo da makullin mota a hannunsa. Ana roƙon masu ta'aziyya kada su kira a wannan lokaci. Wanda duk yake kusa da kwamfuta ya ga ɗigo shuɗi ya bar hanya, ba sabis ba ne, Ɗalhatu ne, a sa shi a addu'a.