Zangon Farko a Ɗakin Kaka

"...da gajiya kuma? Au, na manta, ke ai ba kya gajiya, sai dai ki gajiyar da mutane."

"Lafiya lau na kwana, tunda ban yi mafarkinka ba. Matsa ka ba ni hanya, mai ƙafar sauro."

"Hanyar zuwa ina? Ai a zaune kike."

A tsakiyar matakalar bene suka haɗu. Kaka na zaune, sanda a cinya, tana haki tana yi kamar ƙura take dubawa. Jikanta, wanda take kira Ango tun yana rarrafe, shi ne jagoran wata tawaga a kamfanin da ke haɗa manhajojin waya. Tun ranar da santsi ya kwashe ta a benen nan likita ya hana ta hawa da sauka, ita kuma ta kafe ba za ta koma ɗakin ƙasa ba sai an gama gyara shi tsaf. Tun bara ake gyaran. Babban ɗanta, mahaifin Ango, ya gaji ya yanke magana: in ba ta sauko ba zai zo da mota ya tafi da ita gidansa, a kulle nata. Ango ne ya roƙi a ba shi mako biyu ya gwada tsarin aikin ofishinsu. Yau wa'adin ya cika.

"Aikin bene nake dubawa," in ji Kaka.

"Da wannan hakin? Ni daga ƙofar gida na ɗauka janareta aka tayar."

"Ubanka ne janareta."

"Zan faɗa masa. Gobe ma yana tafe da mota, sai ki maimaita a gabansa."

Kaka ta harare shi ta kawar da kai.

"Tashi mu je, amarya. Yau ce ranar nuni. Zangon farko ya ƙare, ma'aikata na jiranki."

"Ranar nuna mini rabin ɗaki? A zamaninmu in an ce aiki, rufe ƙofa ake yi a yi ta yi, sai an gama a kira mai shi."

"Shi kuma mai shi ya zo ya ce ba haka yake so ba, a fasa bango. Magini ya ce ya gina bangon nan ya rushe har bulo ya gane muryarki. In kika yi tari a sama, siminti da kansa yake zubowa."

"Ƙarya yake yi, ragon banza! Sau nawa na sauya magana?"

"Ƙofa ta zauna gabas, ta koma yamma, ta dawo gabas. Ta fi ni yawon duniya."

"To laifi ne mutum ya yi tunani?"

"Ko kaɗan. Mu ma a ofis mun san mai kaya ba ya sanin abin da yake so sai ya gani da ido. Shi ya sa muke yanka aiki gunduwa-gunduwa. A yi kaɗan wanda zai yi amfani, a nuna, a ji ta bakinsa, a sake shiga wani zangon. Sauya magana halal ne, amma a ƙarshen zango. In an shiga, an shiga."

"Wai zango. Sai ka ce masu raƙuma." Ta dogara sanda ta miƙe da ƙyar. "Da wannan taron tsayen naka na kowace safiya. Mutane da gemunsu, a gidan da kujeru suka yi yawa, ka jera su a tsakar gida kamar 'yan makarantar da suka makara."

"In suka zauna hira za ta ɓarke, ki aiko da shayi, rana ta take. A tsaye kuwa kowa abu uku zai faɗa ya kama gabansa: me na yi jiya, me zan yi yau, me ya tare mini hanya."

"To me ya tare musu hanyar? Ai tsakar gidan fetal take."

"Kina so ki ji? Kafinta ya ce, 'Hajiya.' Washegari mai gyaran wuta ya ce, 'Hajiya.' Magini bai ma buɗe baki ba, sama kawai ya nuna da yatsa."

"Munafukai! Da shayina a cikinsu!"

"Ai shayin ne hujja. Kin leƙo ta taga kin kira kafinta a ɓoye, kin ce ya ajiye abin da yake yi ya soma miki durowar kaya mai madubi, kar ya faɗa wa yaron nan."

"Kuma ya faɗa?"

"A tsaye, gaban kowa. Muka rubuta durowar a takarda muka manna ta a layin jira."

"Ni da gidana a sa ni a layi?"

"Buƙatunki aka sa. Kuma ke ce mai jera su, ke ce mai kaya. Kin manta ranar da muka fara? Na ba ki takardun nan duka na ce wanne ne na ɗaya, kika ce duka. Na ce to ki riƙa yar da wanda za ki iya kwana ba shi. Fenti ya faɗi, labule ya faɗi, fanka ta faɗi. Wacce ta rage a hannunki?"

"Ban tuna ba."

"Taga."

"Hannuna ne ya yi gumi ta manne."

"Allah ya ƙara gumi. Kawo hannun."

"Riƙe ni da kyau, ja'iri. In na faɗi ka zama gwauro, kuma ba wadda za ta kwashe ka."

Suka sauko a hankali, sanda na ƙwanƙwasa matakala ɗaya bayan ɗaya. A bakin ɗakin ƙasa an jingina wani allo da aka raba gida uku: Za a Yi, Ana Yi, An Gama, kowane gida da 'yan takardu masu manne. Magini da kafinta da mai gyaran wuta suka gaishe ta a tare. Ta bi su da kallo ɗaya bayan ɗaya.

"Sannunku, masu kai rahoto. Daga yau ruwan famfo."

Ango ya tura ƙofa. Bangon siminti ne tsurarsa, toka-toka, ba fenti. Ba labule, ba durowa, wayar fanka na naɗe a silin tana jiran ranarta. Amma an rage wa gado tudu, makunnin fitila na dab da matashi, kuma an bi bango da ƙarfen riƙewa tun daga gado har banɗaki.

"Innalillahi. Kurkuku ka gina mini? Me na yi wa hukuma?"

"Kin ci zamaninki kin ci na wasu, ai laifi ne. Kunna fitilar."

Ta danna. Wuta ta kawo.

"Buɗe famfo."

"Na ji ƙararsa, ba kurma ba ce ni. Wannan bangon fa? Ko makaho ya shigo sai ya ji muninsa."

"Fenti na zango na biyu. Tambayar yau ɗaya ce: za a iya kwana a nan lafiya ko ba za a iya ba?"

Kaka ta kama ƙarfen ta taka, ta tsaya, ta juyo fuskarta cike da murna irin ta wanda ya kama ɓarawo.

"Yawwa! Na kama ka, mai digiri! Da wane hannu nake riƙe sanda?"

"Dama."

"Ƙarfen naka yana ina in zan tafi banɗaki?"

Ango ya duba. "Dama."

"To da haƙori zan riƙe shi?"

"Da wanne? Ai saura biyu." Ya zaro takarda ya rubuta, ko a jikinsa. "Kin yi gaskiya, mun yi kuskure. Dalilin ranar nuni ke nan. Da sai an gama fenti da komai kika gani, da an sake fasa bango. Kafinta, yaya?"

"Kusoshi ne kawai, ranka ya daɗe. Kafin la'asar na ƙara wani a ɗaya bangon."

"Ka ji? Haka kawai?" Kaka ta riƙe haɓa. "Ba gardama? Ni fa na shirya faɗa tun asuba."

"Ajiye shi, zai yi amfani a zaman waiwaye. Can ne kowa yake faɗin abin da ya yi daɗi da abin da za a gyara. Amma ki sani su ma za su faɗi nasu. Zauna a gadon, saura abu ɗaya."

Ta zauna tana mita. Ango ya zare kwalin da aka rufe taga da shi. An faɗaɗa ta, an sauko da ita daidai kafaɗar mai zaune a gado, tana kallon titi kai tsaye. Ƙarar keken tela ta shigo, da muryar mai kanti yana ciniki.

Kaka ta matsa gaba.

"Wancan mai kanti ne? Ashe gemunsa ya yi fari haka? Ni daga sama hularsa kawai na sani."

"Shekara da shekaru kina gulmar tsakiyar kawunan mutane. Yanzu ga fuskoki, har da sauti."

"Rufe mini baki, ina ji. Nawa ya ce mata? Kai, wannan mutum bai da tsoron Allah."

Wata maƙwabciya da ke wucewa da jaka ta yi turus. "Hajiya! Ke ce? An sauko?"

"Duba aiki nake yi! Ya mai jikin? Wai da gaske ne ɗanki ya sayar da babur ɗin? Zo nan, matso..."

Wayar Ango ta yi ƙara. Ya duba, ya daina dariya.

"Baba ne. Me zan ce masa, Kaka? Ya zuba wa mota mai?"

Kafinta ya sauke hamarsa. Kaka ta dubi bangon da ba fenti, ta dubi taga, ta miƙa hannu.

"Ba ni shi. Kai! Ka bar motarka ta huta. A'a, ba a gama ba, wa ya ce maka an gama? Zango ɗaya aka yi. Zango! Kai ba ka san tsarin aikin zamani ba ne? Ka tambayi ɗanka, ni ina da baƙuwa a taga."

Ta kashe ta jefa masa. Sannan ta kwance bakin zanenta, ta ciro makullin ɗakin sama ta ɗora masa a tafin hannu.

"Ungo. Ka sauko mini da matashina da rediyo. Ɗakin kuma na ba ka, ka zuba wayoyinka. Kar ka yi mini wannan murmushin, ba kai ka ci ba, taga ce ta ci."

"Na ji. Sai a jera zango na biyu. Fenti ko durowa?"

"Ka ce ni ce mai jerawa?"

"Ke ce mai kaya."

"Kuma abin da na sa a sama shi za a fara, in an shiga an shiga?"

"Haka dokar take."

"To rubuta. A nema wa..."

"A nema wa..." Ango ya maimaita yana rubutawa.

"...wannan tuzurun mata, in huta da auren wahala."

Biro ya tsaya cak. Magini ya juya baya kafaɗunsa na rawa.

"Haba Kaka, wannan ai babban aiki ne. Ba zai shiga zango ɗaya ba."

"Yanka shi gunduwa-gunduwa. Wannan zangon gaisuwa kawai. 'Yar tela tana fitowa da hantsi, ga taga nan, ina kallo. Gobe da safe kuma ka zo taron tsaye ka faɗa mana abin da ya tare maka hanya."

Ango ya dubi ma'aikata ko wani zai cece shi. Kafinta ya karɓi takardar daga hannunsa, ya manna ta a can saman gidan Za a Yi, ya danna da babban yatsa.

Kaka ta tuntsire da dariya har sandarta ta faɗi. "A ɗora shayi! Amma shi wannan a tsaye zai sha."