Jarkar Subiyar da Na Gyara a Bikin Yaya Usman

Ba zan taɓa mantawa ba, kuma ban yafe ba, yadda matan unguwarmu ta Ƙurban suka yi ta yawo da cewa ni na dafa giya a bikin yayana. Giya! A Madina! Ni da ban taɓa ganin kwalbarta ba sai a talabijin. Ƙarya suke yi. Subiya na haɗa, kuma duk laifina shi ne na so ta daina kartar maƙogwaro.

Na gama sakandare ke nan Yaya Usman ya tashi auren wata 'yar unguwar Uhudu, iyayenta Hausawan Sudan. A gidanmu subiya aikin kakata ne, Hajja Kulu. Ita ke jiƙa sha'ir da busasshen burodi, ta sa kayan ƙamshi, ƙirfa da hel, ta tace, mutane su sha suna sa albarka. Shekarar kuwa ciwon ƙafa ya kwantar da ita. Ni da bakina na ce wa Umma, "Ku bar min, mene ne abin wahala a subiya?" (Bakin nan ne ke ja min komai.)

Umma ta ce, "To ki yi ta ana gobe, ki sa a firiji. Ban da wayo."

Ban ji ba. Na yi tun da sauran kwanaki don in huta. Ana gobe biki na ɗanɗana, sai na ji tsami ya kama ta. Mai hankali zubarwa zai yi. Ni na ce ai gyara ake yi. Na haɗa sabuwa na juye a kan tsohuwar, na ƙara sukari, na niƙa zabibi da dabino na zuba. Na kurɓa, wallahi ta yi laushi kamar madara. Na ɗura a jarka, na sa leda na murɗe murfin tamau. Firiji cike yake da naman biki, sai na tura jarkar cikin but ɗin motar Yaya. A can ta kwana, a can ta wuni, cikin zafin bazarar Madina. Babu wanda ya taɓa gaya min cewa in ka ba tsohuwar subiya sukari, abinci ka ba ta.

A zauren da aka kama, ɓangaren mata ya cika. Uwar amarya, Hajja Nafisa, tana zaune cikin farin tob ɗinta, lafayar matan Sudan, sabo fil. Ta ce, "Ina jikar Hajja Kulun? Yalla, a kawo mana subiyar gidanku mu ji."

Na jawo jarka ina taƙama. Na ga ta kumbura, na ce nauyi ne. (Sakandare fa na gama.) Ina taɓa murfin ya yi sama ya bugi fanka, kumfa ta biyo shi, ta sauka a kan farin tob, daga kafaɗa har cinya. Sai warin.

Wata goggon amarya ta shinshina hannunta ta ce, "A'uzu billahi! Wannan ai warin marisa ne!" Wato giyar da ake dafawa a Sudan.

Nan ya kamata in durƙusa in ba da haƙuri. Sai na ji bakina ya ce, "Goggo, ke a ina kika san warinta?"

Umma ta mintsine ni har sai da na ga wuta. Hajja Nafisa ta miƙe tana ɗiga, ta ce, "Halas. 'Yata ba za ta kwana a gidan da ake wannan ba." Yaya yana can ɓangaren maza yana washe baki, bai san na kusa kashe masa aure ba. Sai da aka kira Hajja Kulu a wayar gida, aka ba uwar amarya. Har inda nake ina jin muryar tsohuwa: "Ya Hajja, ba shaiɗanci ba ne, jakanci ne. Yarinyar ba ta san komai ba." Da wannan shaida aka ba mu amarya. Kakata ta wanke ni da kirana jaka, kuma dole na gode mata.

Abin da ke ƙona min rai, matan da suka fi yaɗa maganar sun san subiya tana tashi in ta ji zafi. Sun sani sarai! Labarin giyar ne ya fi musu daɗi.

Ni dai na koyi cewa abin da ya lalace zubar da shi ake yi, ba a rufe shi da sukari. Rufe bakina ne har yau ban koya ba. Na ɗauki tabarma na tare a ɗakin Hajja Kulu, tana zagina tana koya min. Azumi na zuwa zan ɗaura subiya a leda in aika kowane gida da aka ci namana. Ta goggon amarya kuwa da kaina zan kai, in tsaya a kanta har sai ta shanye.