Rasuwar Jar Roba, Mai Ɗumama Ƙafafun Matar Tela

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, gwargwadon abin da ya samu, Tela na bene na uku yana sanar da 'yan uwa da maƙwabta rasuwar Jar Roba, jakar ruwan zafin maiɗakinsa. Rai ya yi mata halinsa ranar Talata da hantsi, tana da shekara tara.

Shi ya kawo ta gidan da hannunsa, kuma har yau bai yafe wa kansa ba. A shekarar ce ya rage hita, na'urar ɗumama ɗaki, zuwa lamba biyu, ya toshe ƙasan ƙofa da ƙyallayen shago, ya ɗinka wa tagogi labule mai kauri. Maiɗakin ta yi ta mita ƙafafunta sun ƙanƙare, sai ya sayo marigayiya don a zauna lafiya. Kafin zuwanta, in sanyi ya kankama, jikinsa maiɗakin take raɓa a kan doguwar kujera. Daga ranar da ta zo aka tura shi can ƙarshen kujera, inda iskar taga take kaɗawa.

Marigayiya mai haƙuri ce. Ba ta munshari, ba ta jan bargo, ba ta taɓa yin ƙorafi kan gishirin miya ba. Tela ya haddace waɗannan halaye, don kusan kullum sai an karanta masa su. Muryarta guda ce, ƙul-ƙul-ƙul, in ana ɗura mata ruwa, kuma sai ta ƙoshi tukuna ake ɗora ruwan shayinsa.

Ta rasu ta bar marfinta, da butar da ta yi mata hidima, da rigar saƙa mai fure, wadda aka saƙa mata da ulun da aka ce na hularsa ne. Har gobe kansa a waje yake.

Ciwon ajali ya fara da ɗan yoyo a ƙarƙashin wuya. Tela ya kai ta wajen mai faci, ba tare da gaggawar da za ta wahalar da marar lafiya ba. Facin ya riƙe kwana biyu. A na uku ta ce fsss, ta jiƙa kujera, ta cika. Maiɗakin ta yi kukan da ba ta yi ba bara, lokacin da shi ya kwanta sati guda a asibiti. Wannan ya yi masa ciwo, kuma ba zai ɓoye ba. Masu raɗe-raɗin cewa hujin ya yi daidai da bakin allura, su sani roba ma tana tsufa, kuma ba shi kaɗai ne mai allura a duniya ba.

Tun bayan rasuwar, maiɗakin ta matso tsakiyar kujera, tana cusa ƙafafunta ƙarƙashin cinyarsa. Sanyinsu kamar ƙanƙara. Shi kuwa ko motsi ba ya yi.

Za a yi jana'iza gobe da safe a kwandon shara na ƙasan bene, Tela da kansa zai ɗauki gawa. Za a karɓi gaisuwa a falo. Masu zuwa su sa rigar sanyi biyu, don hita tana nan a lamba biyu, ba za a ƙara ba. Ƙanwar maiɗakin, wadda aka ji tana cigiyar inda ake sayar da irin marigayiya, an yafe mata zuwa. Sauran jama'a, don girman Allah, kowa ya zo hannu rabbana.