Miyar Korin da Na Kai Suna Lambara

Ko zan manta da komai na farkon aurena, ba zan taɓa mantawa da kular miyar da na ɗauka daga Bodinga zuwa Lambara ba. Shekaru sun ja, amma in na tuna sai na ji kunya ta taso mini sabuwa fil.

Abin ya samo asali ne daga wata bita da aka tura mu Abuja, mu malaman makaranta. Ranar rufewa aka kai mu gidan abincin Indiyawa, aka ajiye mana shinkafa da wata miyar kaza mai kauri, ruwan ɗorawa, wai sunanta kori. Ni da na san kori a 'yar leda, ana barbaɗa shi a dafa-duka, sai ga shi ya zama miya sukutum. Na cinye, na suɗe cokali (a ɓoye, don akwai manya a teburin), na dawo gida da ƙudurin sai na iya.

Wata biyu ina bin masu koyar da girki a waya, har na gano sirrin masu gidajen abincin. Tukunya guda ake cikawa da albasa, a dafa ta da tafarnuwa da citta da kurkum har ta narke, a markaɗa, a ajiye a firij. Duk miyar da za a yi, daga nan ake ɗiba a ƙara mata kayan ƙamshi. Albasa kuwa ba ta yi mini wuya ba, domin surukata, Inna, duk lokacin cira sai ta aiko mana da buhu daga fadamarsu. Maigidana ya zama zakaran gwajin dafi. In na tambaye shi sai ya ce, "Ba laifi," ya miƙa hannu ya jawo yaji. Ni kuma na ɗauki "ba laifi" a matsayin lambar yabo.

Gaskiya ba don shi nake wahalar ba, don Inna ne. A Lambara da ƙauyukan kusa, in ana biki ko suna ita ake kira ta tsaya kan tukunyar miya. Sauran matan 'ya'yanta kowa tana da aikinta a gindin murhu, wannan daka, wannan tuƙi. Ni kuwa da na iso sai ta shimfiɗa mini tabarma a ɗaki ta ce, "Malama, zamna ki huta." Ba da wulaƙanci take faɗi ba, amma abin yana ci mini rai. Baƙo ake hutarwa, ni kuma so nake a ƙirga ni cikin 'yan gida.

Da ƙanwar maigidana, Balki, ta haihu aka sa suna a gidan Inna, sai na ce to, rana ta zo. Na yanka kaji huɗu. Na zuba kindirmo, na zuba kanumfari, na kakkarya girfa na jefa, hulba kuwa na zuba ta da hannun mai kyauta. Na cika babbar kulata, na rungume ta a cinya tun daga Bodinga har muka sauka.

Da na buɗe murfin a tsakar gida, hira ta tsaya. Gwaggo Hajo, yayar Inna, ta sunkuya ta shaƙa, ta ɗago tana gyaɗa kai.

"Wanga na mai jego na? Allah shi saka, hulba na kawo nono."

Na yi dariya, na juya harshe zuwa Hausar Kano (haka nake yi in ina so a san na yi tafiye-tafiye), na ce ai na kowa da kowa ne, haka ake ci a manyan gidajen abinci. Wata daga baya ta ce, "Har da nono cikin miya?" Inna ta sa ludayi ta ɗanɗana, sannan ta ce, "Kin sha aiki, ɗiyata. Allah shi yi albarka." Ta sa aka shiga da kular ciki. Ni kuma aka mai da ni kan tabarmata ina amsa barka, ban ga yadda rabon abinci ya kasance ba.

Can muka kwana. Washegari na ga kulata a wanke tas, an kife ta a rana. Na durƙusa na gaida Inna, na ɗan kalli kular, ta ce, "An yi amfani da ita dut." Ranar ban san a ƙasa nake tafiya ba.

Da azahar aka kawo mana tuwon dawa da miyar sure, wato yakuwa, a ɗakin mai jego. Muna zaune da Balki da Gwaggo Hajo da matan yayyen maigidana. Wallahi ban taɓa cin miyar sure mai daɗin wannan ba, ga kauri, ga tsami daidai. Da mai hankali ce ni, da na ci na yi hamdala na wanke hannu. Amma baki ya ƙi.

"Miyar nan ta yi daɗi," na ce, "sai dai mu kullum abu ɗaya ne, daga kuka sai sure. Kun dai ga jiya yadda aka yi wa tawa, ko ɗigo bai rage ba. Mutane suna son sabon abu. In Inna ta yarda ma, sai in koya mata."

Eh, haka na ce. In koya wa matar da ta fara girkin taro tun ba a haife ni ba. Kuma tana tsaye a bakin ƙofa, ta kawo wa Balki kunun kanwa.

Na yanko wata lomar, sai haƙorina ya ci karo da wani abu mai tauri. Na zaro, na duba. Guntun girfa ne. Babu mai sa girfa a miyar sure a duk faɗin ƙasar Shagari, inda Lambara take. Na dubi kwanon da kyau, sai ga ruwan ɗorawar kurkum yana leƙowa ta ƙarƙashin ganye.

Balki, wadda dama abokiyar wasata ce, ta riƙe ciki tana dariya har da hawaye.

"Matar Yaya, miyakki ta kike ci! Jiya mutum ukku anka zuba ma, sunka ɗanɗana sunka ce a ba su ta Inna. Tun da asuba take hwama da ita. Tat tsame kaji, tat tace, taz zuba sure da daddawa da gyaɗa har warin maganin ya kwanta."

Dariyar ba ita ta fi yi mini ciwo ba. Abin da ya dame ni shi ne, tsohuwar nan ta rufa mini asiri ba tare da na roƙa ba, ni kuma na sa bakina na yaye rufin a gabanta.

"Ke Balki, kama bakinki," in ji Inna. Ta ajiye kunun ta fita.

Da za mu tafi na je sallama, na durƙusa na kasa ɗaga kai. Na ce, "Inna, ku yi haƙuri, na yi wauta."

Ta ce, "Albasag ga taki ta ji wuta yadda ya kamata. Ban taɓa ganin wadda tay yi haƙuri da albasa hakanga ba, ita tab ba miyar jiki. Amma ɗiyata, mai girkin taro ba bakinta take dahwa ma ba." Ta miƙo mini kulata. "Wata mai kamawa akwai biki Dandin Mahe. Ki taho ki yi muna ita tsurarta, ba hulba, ba nono. Ke za ki tsaya kan albasa."

Na je, na tsaya. Tun hantsi nake yanka ina hawaye ina jan hanci, ba wanda ya yaba mini, kuma ban taɓa jin daɗin aiki kamar na ranar ba.

Har yanzu nakan yi miyar korina a gida, abin da ya rage kuma washegari in zuba masa sure da daddawa. Amma na daina tambayar mutane ko girkina ya yi daɗi. In aka ce mini "sannu da aiki", nakan amsa da ladabi, sannan in zagaya wurin wanke-wanke in leƙa abin da aka dawo da shi. Mutanenmu suna da kara, kwano ne ba shi da ita.