Littafin Addu'ar Baba Shugaba

Ba zan taɓa mantawa da ranar taron tunawa da Baba Shugaba ba. Shi ne shugaban makarantar tauhidi ta Baptis da na shiga, na kuma tsere a shekara ta biyu bayan jarrabawar harshen Helenanci ta kayar da ni har sau biyu. Ya rasu lokacin korona, ba a samu taruwa ba sai ana tsakiyar gasar cin kofin duniya ta ƙwallon ƙafa a Doha, aka haɗa tsofaffin ɗalibansa ta bidiyo.

Ga inda matsalar take. Shekara shida ina gadi a Doha, amma abokan karatuna sun ɗauka aikin bishara nake yi. (Ni dai ban faɗa da bakina ba. Sun kira ni "Mishan", na amsa.) Sai ga sunana cikin masu jawabi. Kwana uku tsoron tonon asiri ya hana ni sakat.

Ranar ina bakin aiki kusa da Corniche, titin bakin teku, 'yan kallo sai tururuwa suke. Malam Sani, Bakatsinen da muke gadi tare, ya riƙe mini ƙofa. "Minti goma, khalas, ba ƙari," in ji shi. Na ɗora kwat ta aro a kan yunifom, na laɓe bayan ɗakin gadi da wayata ina zufa.

Na fa yi jawabi! Na kawo labarin wahalar "filin hidima", fastoci suna ta "Amin".

Sai Mama, matar marigayin, ta ɗaga wani tsohon littafi. Ashe kullum da safe Baba yakan yi wa kowane ɗalibi addu'a da sunansa, har mu da muka gudu.

"Ɗana na Doha, bari in karanta maka naka," ta gyara tabarau. "Mahaifiyarsa ta ce gadi yake yi, yini guda a tsaye. Ubangiji, ka ƙarfafa ƙafafunsa, ka cire masa kunyar aikinsa."

Na so ƙasa ta tsage in shige. Daidai nan Malam Sani ya ƙwala kira, kowa na ji: "Yalla, yi sauri mutumina, oga na tafe!"

Na cire kwat ɗin a gabansu, hawaye na zuba, na ce, "Mama, rabin farko an amsa tuni. Na biyun kuma yanzu ne."

Tun ranar na yi hankali: kafin ka yi wa jama'a burga, fara binciko wanda yake yi maka addu'a.