Naman Ɗanjuma da Na Cinye

Ba zan taɓa mantawa da walimar auren ɗan Alhaji Sali a unguwar Nkololoun ba, ko da yake na daɗe ina ƙoƙarin mantawar.

Shekarun kiriz ne, wato matsin tattalin arziki, lokacin da aka zabge albashi, kamfanoni suna ta sallamar ma'aikata. Ni ban ɗanɗani zafin abin sosai ba, domin aikin fiton kaya ya kai ni Marseille ta ƙasar Faransa na yi wata tara. Na dawo unguwarmu New Bell da akwati biyu da sabuwar aƙida: siriri shi ne mai lafiya. A Abijan da Legas na ga tumbi shi ne shaidar an samu. A Jidda ba a san na kowa ba, jallabiya ta rufa wa kowa asiri. Amma a Marseille na ga mutum ya biya likita don ya hana shi cin abinci, sai na ce lallai waɗannan su ne masu ilimi. (Ni kaina a lokacin ban iya hango yatsun ƙafata in ina tsaye, amma hakan bai hana ni wa'azi ba.)

Kwana huɗu da dawowata aka yi walimar. Mu shida muka zagaye faranti ɗaya na shinkafa da naman rago. Kusa da ni Ɗanjuma ne, abokina tun ƙuruciya, magatakarda a tashar jiragen ruwa. Na bar shi da kumatu da wuya, na tarar da shi rigarsa tana lilo a jikinsa.

"Mon frère, ɗan'uwana!" na ce da ƙarfi. "Ka yi kyau! Ka zubar da kitse kaf!"

Ya yi murmushi, ya ce, "Alhamdu lillahi."

Da na duba farantin, sai na ga kusan rabin naman an tara shi a gabansa, har da tsoka mai kitse. Tausayi ya kama ni. Mutum ya sha wahala ya gyara jikinsa, za a ɓata masa a zama ɗaya? Na miƙa hannu na janye naman zuwa gabana, na tura masa yankan tumatir da albasa.

"Bari in ɗauke maka wannan guba," na ce. Na kuwa ɗauke masa ita tas, har ƙashi na tsotse.

Alhaji Sali, mai gida, yana ta hararata yana gyaran murya. Na ɗauka goyon baya ne. Sai na ƙara wuta, na ɗaga hannun Ɗanjuma sama kamar wanda ya ci dambe.

"Jama'a, ku dubi lafiya! Ɗanjuma, don Allah faɗa musu sirrin. Wane rejim, wane tsarin cin abinci kake bi?"

Ɗanjuma ya sauke hannunsa a hankali, ya dube ni, ya ce, "Mai sauƙi ne, Alhaji. Wata bakwai ke nan da aka sallame ni. In an dafa, yara su fara ci. In ya rage, ni da uwarsu. Ka gwada, yana aiki."

Na sunkuyar da kai. Ga maiƙon namansa a leɓena.

Bayan an watse Alhaji Sali ya ja ni gefe. "Kai dai Allah ya shirye ka," ya ce. "Tun da abin ya same shi, duk wani suna ko biki a unguwar nan sai an kira shi, a tara nama ta gefensa, ba wanda ya taɓa cewa uffan. Kai ka taso tun daga Faransa ka cinye, har da lacca."

Washegari na je gidansa. Na san in na kai buhun shinkafa zai mayar mini, domin na san halinsa. Na durƙusa na ba shi haƙuri, ya yi ta dariya har da riƙe ciki. Sannan na ce ina da roƙo: likita ya hana ni nama, ni kuma ba ni da ƙarfin zuciya. Ya taimaka ya riƙa zuwa da rana, shi da yaran, su cinye rabona kafin in gani.

Ya dube ni daga sama har ƙasa. "Wane likita?"

"Na Marseille."

"To. Saboda lafiyarka kawai zan zo."

Haka muka yi har ya sami aiki a wurin wani mai manyan motoci a unguwar PK 14. Kumatunsa sun dawo. Ni ko kilo ɗaya ban rage ba, domin matata Hajiya ta gane dabarar tun ranar farko, ta ninka tukunya.

Yanzu in na ga mutum ya rame, ba na taya shi murna. Nakan tambaye shi gida da iyali a hankali, in tura faranti gabansa, hannuna kuma in ajiye shi a kan cinyata.