Ragon Alhaji Mamuda a firji

Kai, ku tsaya ku ji abin da maƙwabcinmu Alhaji Mamuda ya yi wa kansa a babbar sallar da ta wuce. Mutum ne wanda ko gaisuwa sai ya auna kafin ya ba ka. Ana dab da salla ya sayo sabon firji, dogo, mai ƙofa biyu. Ya ƙi yarda a kai shi kicin, ya kafa shi a falo kusa da talabijin don kowa ya gani. Ledar jikinsa ma ya hana a ɓare.

Ranar salla aka yanka masa rago, ƙato na gaske, wallahi sai da na yi masa sha'awa. Duk layinmu an banƙare raguna a bakin wuta ana jiran gari ya waye a yi rabo. Matarsa Hajiya Ladidi ta fito da tukunyar suya, sai ya daka mata tsawa.

"Wace irin suya kuma? Wannan aikin waɗanda ba su da firji ne. Mayar da tukunyarki!"

Ta ce, "To rabon maƙwabta fa, Alhaji?"

Ya ce, "Da can don tsoron kada ya lalace ake rabarwa. Yanzu me zai lalata shi? Ragon nan sai ya kai mu azumi."

Ka ji fa! Shi a wurinsa rashin wurin ajiya ne ya sa mutane ke kyauta.

Baiwar Allah ta haɗiye fushinta ta ce to ko ajiyar ce a yi ta yadda ya kamata: a bar naman ya sha iska ya huce, a yayyanka ƙanana, a ƙulla a leda kashi-kashi, a sa a gidan ƙanƙara, a kuma bar wa sanyi hanyar zagayawa. Abin da wurin ba zai ɗauka ba a soye. Alhaji ya ce shi da ya sayi firji ya fi ta sanin firji. Ya zare kantoci da farantan ciki duka, ya sa mahauci ya raba ragon gida huɗu, ya dinga cusawa da ɗuminsa, har kai da kayan ciki. Ƙofa ta ƙi rufuwa, ƙafar rago ta tokare ta. Ya danna da gwiwa, ya danna da kafaɗa, ina! Daga ƙarshe ya samo robar tayar babur ya ɗaure wa firjin ciki kamar mai fama da yunwa.

Ko a haka bai bar shi ya huta ba. Duk wanda ya shigo barka da salla sai Alhaji ya kwance roba, ya wangale ƙofa, ya tsaya yana jawabi a kan zamani. Baƙo ya yi kallo, ya haɗiyi yawu, a sallame shi da ruwan randa. Ni ma an nuna mini, kuma wallahi raina ya ɓaci.

Wutar lantarki kuwa, abin mamaki, ko ƙiftawa ba ta yi ba a sallar nan, balle ya sami wanda zai ɗora wa laifi. Firji ya yi ta gurnani yana zufa, ruwan jini na bin ƙasa. Kafin a gama hidimar salla wani irin wari ya fara tsallako katanga. Da farko muka zaci ɓera ne ya mutu a kwata, har muka fito da tsintsiya. Ashe daga falon Alhaji ne. Hajiya Ladidi ta kwashi yaranta ta ce ta tafi gaida mahaifiyarta, sai abin da hali ya yi.

Nan fa Alhaji ya tuna Allah ya yi maƙwabta. Ya kwance roba, ya wanke naman da ruwan tsami, ya barbaɗe shi da yaji, ya zuba a tire ya rufe da kyakkyawan mayafi. Da kansa ya ɗauko, ƙudaje na yi masa rakiya, ya nufi ƙofar Baba Tsalha, dattijon da ke katanga ɗaya da shi. Muna zaune kan tabarma ya yi sallama.

"Baba, ga rabonku na layya. A yi haƙuri, hidima ce ta yi yawa."

Baba Tsalha ya ɗaga gefen mayafin da ɗan yatsa, ya yi maza ya sake, ya ja gefen rawaninsa ya toshe hanci.

Alhaji ya ce, "Haba Baba, ɗan canzawa kawai ya yi. Daga firji na fito da shi yanzun nan, ragon nan nawa ne da kuka gani."

Baba Tsalha ya ce, "Allah ya jiƙan rago. Amma Alhaji, ranar yanka ba ka neme mu ba, sai ranar jana'iza?"